Ɗaya Cikin Dubu Biyu

Ƙarfe uku da rabi, rana ta tsaya a kan Garwa
kamar mai bin bashi.
Na durƙusa gefen raga, gwiwa cikin jar ƙasa.
Darbejiya ta ba 'yan kallo inuwa, ni ta hana ni.

Baba Hamajoda na bayana kan kujerar roba,
shi da ya koya mini hoton katin shaida
a shagonsa na bakin tashar Marwa.
Yanar ido ta cinye na dama, ta fara lasar na hagu.
Ya ce da kunne ya zo kallon tanis.

"Nawa ka sa?"
Na ce ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa.
Ya ja tsaki. "Taron suna ka zo ɗauka?
Ƙwallon nan ba ta jiran a gyara hula.
Kai shi dubu biyu.
Wangale bakin gilashi, biyu da ɗigo takwas,
katanga ta narke, allon tallan lemo ya narke,
a bar maka yarinyar ita kaɗai
kamar allura kan farin ƙyalle.
Rana ta wadace ka, kar ka ƙara wa kyamara kwaɗayin haske.
Bar ta a ɗari biyu,
in ba haka ba hoto ya fito da tsakuwa
kamar shinkafar da ba a tsince ba."

Jaratu 'yar Pitowa tana can,
Astajam ta Ngaundare tana nan.
Tas. Tas. Ƙarar takalmi. Tas.
Na bi ƙwallo, na samo sama da rabin gwiwar hannu.
Na sake bi, na samo ƙeyar alƙali.
"Bar ƙwallo," in ji shi, "ta san hanyarta.
Ɗora saiti a fuska, ka bar shi yana binta.
Maharbi bakin ruwa yake tsare wa, ba ya tseren barewa.
Buɗe ido biyu. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari.
Kuma in ta ɗaga za ta fara bugu, filin ya yi tsit,
riƙe yatsarka, wannan shirun nata ne."

La'asar ta sakaliya.
Inuwa ta rarrafo ta raba fili biyu,
iskar Binuwai ta fara shigowa.
Na ɗaga ɗari biyun nan zuwa dubu da ɗari shida,
na yarda da 'yar tsakuwa, don yunwa ba ta zaɓen shinkafa.
Batir saura layi ɗaya.

Maki na ƙarshe.
Jaratu ta zamo da ƙafar hagu, kafaɗa ta juya,
na danna tun ƙwallo ba ta iso ba.
Madubi ya ɗaga. Duhu.
Sai ihu.

"Me ka gani?"
Na ce ban ga komai ba, Baba.
Ya yi dariya har da tari. "To ka samu.
Duk bugun da ka gani da idonka, ya wuce ka."

Na duba. Ga ta nan:
ƙwallo ta lotse a kan igiyoyi kamar ƙosai,
jar ƙasa ta tsaya cak a idon sawu,
haƙora a cije, ɗankunne guda ya miƙe a iska.
Cikin hoton ba wanda ya san
ƙwallon za ta faɗa waje da yatsa biyu.

Masu gasar sun sayi na Astajam riƙe da kofi,
sefa dubu uku, har da ciniki.
Wancan kuwa Baba ya karɓi kyamarar,
ya shafa gilashin baya da babban yatsa,
ya kai shi dab da idon hagu, ya daɗe.
Ya ce, "Ka yanke mata ƙafa."
Bai miƙo mini ba sai da batir ya mutu.